Littafin Taro da Sandar Awon Ruwa

Ranar 14 ga Fabrairun 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta tsunduma yajin aiki, ina aji uku a sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Bayero da ke Kano. Da yake an ce yajin na gargaɗi ne, na makonni huɗu kawai, sai na bar littattafaina a ɗakin da muke haya, na rataya jaka ɗaya na nufi gida, ashe sai bayan watanni takwas cur zan sake ganin ƙofar aji. Garinmu yana bakin kogin Haɗeja, a ƙasar Auyo ta Jihar Jigawa, kuma kusan kowane gida a cikinsa ko na manoman shinkafa ne, ko na masunta, ko na waɗanda suka haɗa sana'o'in biyu.

Dole in faɗi gaskiya game da saurayin da ya sauka daga mota a ranar, domin in na ɓoye ta ba za a gane sauran labarin ba. Zaman Kano ya sa mini girman kai na ciki-na-ciki. Ba na zagin kowa, ba na ƙin gaida manya, amma idan abokan karatu suka tambaye ni inda na fito sai in ce Haɗeja, in haɗiye sunan garinmu, idan kuma na zo hutu nakan wuni a ɗaki da waya a hannu, ina jiyo hirar majalisar ƙofar gidanmu ta taga kamar mai sauraren rediyon wata ƙasa. Mutanen gari suna kirana Injiniya. Na daɗe ina jin daɗin sunan kafin in lura da ɗan murmushin da ke biyo bayansa.

Garinmu yana da ƙungiyar ɗalibai wadda ta girme ni, sai dai ba a jin ɗuriyarta sai da Sallah, lokacin da 'ya'yanta ke ɗinka anko, su je gaida Dagaci, su ɗauki hoto, su watse. Yajin aikin ne ya farfaɗo da ita, domin ya tara mu a gida lokaci guda: 'yan Bayero, da 'yan Jami'ar Tarayya ta Dutse, da 'yan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ga kuma 'yan kwalejin ilimi ta Gumel da masu koyon aikin jinya da ke leƙowa a ƙarshen mako. A watan Maris aka kira taro a wani aji na firamaren gari, aka tsayar da shawarar buɗe darasi kyauta ga ƙannenmu masu shirin jarrabawar JAMB da ta WAEC, sannan aka ce sai an sabunta shugabanni. Na tsaya takarar shugaba, a raina kuwa na riga na ci. Na yi dogon jawabi, rabinsa da Turanci, a gaban mutanen da muka yi wasan langa tare. Abokin takarata, wani ɗalibin kwalejin Gumel mai sanyin magana wanda ya girme ni da shekara biyu, ya miƙe ya ce shi dai bai iya jawabi ba, amma duk wanda ya ba shi aiki zai tarar da shi a wurin aikin. Da aka ɗaga hannu, hannaye huɗu na samu, har da nawa. Aka ba ni muƙamin magatakarda da wani littafi mai baƙin bango, na karɓa kamar an miƙa mini garwashi.

Aikin farko da aka ɗora mini shi ne tsara jadawalin darasi. A dare ɗaya na gama shi, ni kaɗai, da rula da biro mai launi uku, na sa darasi daga ƙarfe biyu zuwa biyar na yamma, Litinin zuwa Juma'a, kamar dai yadda na saba gani a allon sanarwa na sashenmu. Jadawalin ya yi kyau a takarda. Abin da bai shigo lissafina ba shi ne azumi zai kama a farkon Afrilu, tsakiyar zafin bazara, kuma da la'asar 'yan mata suna madafa wajen damun kunu da suyar ƙosai, samari kuma suna fadama wajen ban ruwa, ga ranar kasuwa da gari kan zama wayam. Yaran da suka cika aji biyu a makon farko suka yi ta raguwa, har ranar da na shiga na tarar da goma sha ɗaya, uku daga cikinsu suna gyangyaɗi. A taron da ya biyo baya na miƙe na ce mutanenmu ba sa son karatu, kuma wannan ne ya bar mu a baya.

Ma'ajiyarmu, ɗalibar aikin jinya ce wadda ba ta da yawan magana, ita ce ta amsa mini. Ta ce, "Injiniya, ai tun a taron farko an kawo shawarar a raba darasin, mata da sassafe, maza da dare bayan asham. Don Allah duba littafinka ka karanto mana wanda ya kawo ta." Na buɗe littafin ina juya shafuka, aji ya yi tsit. Jawabina na ranar ya cinye shafi uku, har da wuraren da na ja wa layi. A ƙarƙashinsa akwai jimla guda: wasu mambobi sun tofa albarkacin bakinsu. Na duba taro na biyu da na uku, duk kanwar ja ce. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi.

A daren na sake karanta littafin daga farko, da tocilan waya, bayan kowa ya kwanta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa. Abin da na ji shi na rubuta, sai dai kuma kaina kaɗai nake ji. Duk lokacin da wani ke magana a taro, ni ina can ina shirya amsar da zan ba shi, shi ya sa maganarsa ba ta zama a kunnena ba balle ta kai ga biro. Na sha jin ana cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, amma ban taɓa zaton zan ga nawa tudun a rubuce, da hannuna, da kwanan wata a samansa ba.

Washegari na je gidan shugaban ƙungiyar. Tun bayan zaɓe na daina ce masa Yaya kamar yadda na taso ina yi, sai in ce Shugaba da wata murya da ni da shi muka san ma'anarta. A ranar na ce, "Yaya, na zo ne a gyara jadawalin." Bai tayar da maganar jiya ba. Ya fito da babur ɗinsa ya ce in hau, muka bi gida-gida, muna sallama a zaure muna tambayar iyaye lokacin da za su iya sakin 'ya'yansu. Kwana uku muka yi muna wannan yawo, kuma a cikinsu na san garinmu fiye da yadda na san shi a shekaru ashirin da biyu. Na san gidan da yarinya ba za ta fito ba sai da rakiyar ƙaninta, da gidan da yaro shi ke ciyar da mahaifiyarsa da kamun kifi, saboda haka dare ne lokacin aikinsa, da gidan da uba ya ƙi yarda har sai da ya tabbatar ɗan wane ne zai koyar. A wannan gidan ba sunan jami'ata ya buɗe mana ƙofa ba, sunan kakana ne.

Darasin ya dawo da ƙarfinsa. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma a 2022 tambaya 180 ce cikin awa biyu, alhali yawancin yaranmu ba su taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Muka yi karo-karo muka buga tsofaffin tambayoyi, muka aro kwamfutoci uku na tafi-da-gidanka, kullum muna kai su shagon mai cajin waya, wanda ya ƙi karɓar ko sisi. Yara suna layi, kowa ya zauna minti goma ya saba da maɓallan A da B da C da D, da N na wucewa gaba da P na komawa baya. Ni na ɗauki lissafi, kuma a nan ma na gano cewa wani ɗan ajin farko na jami'a ya fi ni iya koyarwa, domin shi yana jira yaro ya gama kuskurensa kafin ya gyara masa, ni kuwa ina ƙwace alli. Da sakamako ya fito wasu sun haura maki 200, wasu ba su kai ba, muka ci gaba da waɗanda ke jiran sauran jarrabawoyi har damina ta kankama.

Daminar 2022 ba ta buƙatar gabatarwa ga duk wanda ke zaune a ƙasar Haɗeja. Kogin namu yana ɗauko ruwansa ne daga kogin Kano da na Challawa, kuma tsofaffi suna cewa tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ya daina ƙafewa da rani kamar da, ciyawar kachalla kuwa ta samu yadda take so, ta cike hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. Idan aka yi ruwan sama mai yawa a can inda kogin ya taso, kogin ba ya samun hanyar wucewa, sai ya nemi ta gonaki da gidaje. Daga ƙarshen Agusta ruwa ya fara hawa, zuwa Satumba ya shafe fadama ya tunkaro gari. Dagaci ya sa sanƙira ya zaga da shelar gayya, duk namiji mai lafiya ya fito bakin jinga da buhu da shebur ko kwanon sarki, ya kuma aiko wa ƙungiyarmu saƙo na musamman cewa yana son ganin 'yan boko a sahun gaba.

Na je da takarda da lissafi, domin a ganina rana ta zo da sunan Injiniya zai biya kuɗinsa. Buhunan taki da na shinkafa da aka tara ba su da yawa, saboda haka na ce a riƙa cika kowanne maƙil a ɗaure, don jinga ta yi tsawo da buhu kaɗan. Sarkin Ruwa, tsoho ne da ya haura saba'in, wanda shi ke jagorancin aikin, bai yi mini gardama ba. Ya ce in jera goma irin nawa a gefe, shi ma ya sa aka jera goma irin nasa, waɗanda aka bar kusan kashi ɗaya cikin uku babu ƙasa, aka naɗe bakinsu a ƙarƙashi, aka jera su kamar ginin bulo yadda mahaɗar sama ba ta hau ta ƙasa ba, aka tattake su da ƙafa har suka kwanta. Sannan ya sa yaro ya kwara bokitin ruwa a bayan kowanne. Nawa buhunan sun yi ƙulu-ƙulu kamar kabewa, ruwa ya bi ta tsakaninsu ya wuce abinsa. Tsohon ya ce, "To, Injiniya, shiga layi." Na shiga.

Layin miƙa buhu makaranta ce da ba ni da labarinta. Mutum kusan ɗari ne a jere daga wurin haƙar ƙasa zuwa bakin ruwa, makaɗin gayya yana gefe da gangarsa, buhu yana tafiya daga hannu zuwa hannu. A damana mahauci ne, a haguna wani almajiri da bai wuce shekara goma sha shida ba. Da farko na riƙa sauri don a ga ƙwazona, ina cusa wa yaron buhu kafin ya saki na hannunsa, har ɗaya ya faɗi ya fashe, layin gaba ɗaya ya tsaya. Mahaucin ya ce, "Malam, bi ganga." Kafin azahar tafukana sun yi bororo, numfashina ya ƙare, sai ga shi yaron da na matsa wa da safe shi ne ke ɗan matsowa kusa don ya rage mini nisan miƙawa, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. 'Yan matan ƙungiyarmu kuwa suna gidan Dagaci suna girka dafa-duka a manyan tukwane, masu koyon jinya suna wanke raunuka, suna bin gidaje da gargaɗin tafasa ruwan sha da haɗa ruwan gishiri da sukari saboda amai da gudawa.

Da dare ana raba gadin jinga, kuma raba sunayen ya faɗo kaina tun da ni ne mai littafi. A dare na biyar, ina zagaye da tocila, na hangi ruwa yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa ta ɓangaren gari, 'yan taku kaɗan daga gindin jingar. Na ruɗe, na fara jan buhuna ina dannawa a bakin ramin ina ihu. Sarkin Ruwa ya iso da sandarsa ya ce, "Kai yaro, ɗauke. In ka toshe masa baki nan, can zai huda. Haska mini." Ya ɗebi ruwan a tafinsa ya duba, ya ce wanda ya fito garai-garai wucewa kawai yake yi, amma wanda ya fito da laka jingar yake ci ta ƙarƙashi, wannan kuwa da laka ya fito. Ya sa muka kewaye wurin da buhuna kamar bakin rijiya, ruwan ya taru a ciki ya hau, har ƙarfin ɓuɓɓugar ya ragu, lakar ta daina fitowa. Ina tsaye a cikin taɓo na tuna cewa an koya mana wannan a darasin ƙasa da ruwa, yadda ruwa ke rarake gindin madatsa da yadda ake rage bambancin tsayinsa a ɓangarorin biyu, na ma amsa tambayar daidai a jarrabawa. Ilimin yana kaina, amma a daren da aka buƙace shi daga bakin mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya fito.

Ba zan ce karatuna bai yi rana ba, domin yin haka wata ƙaryar ce ta neman a ce ina da tawali'u. Washegari na samo doguwar gora, na yi mata zane da fenti duk bayan santimita biyar, na kafa ta a cikin ruwa kusa da mashigi, na riƙa rubuta tsayin ruwan da asuba da azahar da magariba da tsakar dare a bayan littafin taro. Kwana biyu ba wanda ya kula, a na uku sai ga Sarkin Ruwa da kansa yana tambaya, "Injiniya, me sandarka ta ce?" Wannan karon ban ga murmushin ba. Shi yana karanta launin ruwa da irin tarkacen da yake ɗaukowa, ni ina karanta lamba, kuma ranar da nasa da nawa suka haɗu a kan cewa hawan ya ninka na jiya, tare muka je gaban Dagaci. Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, a kwashe unguwar gangare yau." Aka kwashe tsofaffi da mata da yara zuwa firamare, cikin azuzuwan da muka yi darasi. Bayan kwana biyu jinga ta ɓalle ta wannan gefen da tsakar dare. Gidajen ƙasa da yawa sun zube, shinkafar Babanmu ta tafi baki ɗaya kamar ta sauran jama'a, amma ba mu rasa rai ba, a shekarar da gwamnatin tarayya ta ce ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasar.

Sauran makonnin a firamare muka yi su. Na rubuta kowane gida da yawan mutanensa, don idan taimako ya zo kada mai ƙarfin murya ya karɓa sau biyu, bazawara mai kunya ta tashi a tutar babu. Lokacin kuwa kakar siyasa ce, sai wani ɗan takara ya aiko da buhunan masara bisa sharaɗin mu raba sanye da riguna masu hotonsa. Taron da muka yi a kan wannan ya fi kowanne zafi. Ni ina ganin a mayar masa da kayansa, wasu suka ce mai jin yunwa ba ruwansa da hoton da ke jikin riga, ma'ajiya kuma ta ce a karɓi masarar a miƙa wa Dagaci ya raba da jerin sunayenmu, riguna kuwa a ce an gode. Shawararta ce ta yi rinjaye, kuma har yau ina ganin tawa ba ta rasa hujja ba. Na rubuta ra'ayin mutum goma sha huɗu a ranar, kowanne da sunan mai shi, nawa ya ɗauki layi biyu.

Ranar 14 ga Oktoba aka janye yajin aikin. Kafin mu watse muka yi taron miƙa aiki, littafin ya koma hannun wata yarinya daga cikin waɗanda suka fara taɓa kwamfuta a ajinmu, wadda ke jiran sunanta ya fito a jerin masu shiga jami'a. Bangonsa ya kumbura da danshi, shafukan baya duk lambobin ruwa ne da sunayen masu gadi. Ta buɗe farkonsa ta ce, "Yaya, wannan dogon jawabin na wane ne?" Na ce nawa ne, kuma kada ta yage shi.

Ranar tafiyata hanyar mota ba ta gyaru ba, sai da kwale-kwale ake fita zuwa inda motocin Kano ke tsayawa. Ɗan Sarkin Ruwa ne ya tuƙa ni, tsohon kuma yana zaune a bakin mashigi yana gyaran koma. Na durƙusa na yi masa sallama, ya ce kakana ma haka yake, ba ya yarda da magana sai an kwara masa ruwa ya gani, ya kuma ce in tambayo malamaina maganin kachalla in dawo masa da amsa. Gorar tana nan a kafe, ruwa ya sauka daga zane na goma sha tara zuwa na bakwai. Da muka isa tsallake na ciro kuɗin fito, matuƙin ya ture hannuna, ya ce baƙi ake karɓa wa, ya juya kwale-kwalensa.